"Ai na ganye ne, ba ya illa": kemo da jarkar ƙarƙashin gado

1/ Zan yi magana mai tsawo, kuma na san wasu za su ji haushi. Su ji ɗin. Maganar a kan masu sayar wa mai ciwon daji jiƙo da kafso ne suna cewa "ai na ganye ne, ba ya illa, ki haɗa da na asibitin." Da kuma mu masu tura bidiyonsu a guruf ɗin gida. Ni ma ina cikin masu laifin. 🧵

2/ Ɗalibi ne ni, aji 4 a sashen harhaɗa magunguna. Ban zama komai ba tukuna, don haka don Allah kada wani ya biyo ni inbos da hoton maganin mamansa yana tambayar ta daina ko ta ci gaba. Wannan aikin likitanta ne. Ni abin da na gani a gidanmu da abin da na karanta zan faɗa.

3/ Bara aka gano Gwaggona, ƙanwar Baba, tana da sankarar mama. Aka yanke mata kemo zagaye 6, duk bayan sati 3. Ba a garinmu ake yi ba, tun asuba muke shiga mota. Kafin kowane zagaye sai an ɗebi jini an duba hanta da ƙoda da ƙwayoyin jini. In ba su yi daidai ba, ba a sakawa.

4/ Zagaye na 1 da na 2 sun wuce, da wahala amma sun wuce. Gashi ya zube, abinci ba ya zama, baki duk gyambo. Wanda bai taɓa zama kusa da mai shan kemo ba ba zai gane dalilin da ya sa dangi ke rikicewa ba. Kowa so yake ya yi wani abu da hannunsa.

5/ Ranar zagaye na 3 likita ta kalli takardar gwaji ta ce hanta ta hau, yau ba za a saka ba. Ta ce, "Hajiya, ban da wanda muka ba ki, kina shan wani abu?" Gwaggo ta ce a'a. Ina tsaye a bayanta na yi shiru, alhali na san amsar.

6/ Abin da ke ƙarƙashin gadonta a lokacin: jarkar jiƙo daga wani mai magani da ya ƙi faɗin abin da ke ciki, wai sirrin gidansu ne. Man habbatus sauda. Kwalbar tonik na ƙarin jini daga kemis. Kafson koren shayi. Da kafson kurkum mai haɗe da masoro.

7/ Kafson kurkum ɗin ni na saya. Da kuɗin makarantata. Na ga wani bidiyo ne mai rubutun "kimiyya ta tabbatar", na yi oda, na kai mata ina jin ni ɗa ne nagari. Ɗalibin harhaɗa magunguna fa. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

8/ Sai da muka sake dawowa aka sake cewa hanta ba ta sauka ba, sannan na zuba komai a leda na kai wa wata mai harhaɗa magunguna a sashen. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ƙanina, da tun farko ka kawo." Aka tsayar da komai. Hanta ta sauka. Amma mun riga mun yi asarar sati 5.

9/ Gaskiya ɗaya: kemo shi kansa yana iya tayar da hanta, kuma da abu biyar a ciki lokaci guda babu mai iya nuna ɗaya ya ce shi ne. To matsalar ke nan ai. Mun ɗaure wa likita ido. Tana ƙoƙarin karanta jikin mara lafiya, mu mun ɓoye mata rabin labarin.

10/ Yanzu mu zo kan "na ganye ne". Kun san furen nan ruwan hoda mai kunnuwa 5 da ake shukawa a ƙofar gidaje da makarantu, wanda asalinsa daga Madagaska ne? Daga jikinsa ake ciro binkiristin, maganin kemo da ake ba yara masu sankarar jini.

11/ Faklitaksel, wanda ake yawan ba masu sankarar mama, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo shi. Irinotekan tushensa wata bishiya ce ta ƙasar Sin. Wato abin da ya zubar wa Gwaggo gashi shi ma jikan itace ne. Sai a sake faɗa min cewa na ganye ba ya illa.

12/ Ganye yana da ƙarfi, shi ya sa ake maganar. Mai sayarwa yana so ka yarda da abu biyu a tare: wai maganinsa yana da ƙarfin kashe daji, kuma wai ba shi da ƙarfin taɓa komai a jikinka. Ɗaya daga ciki dole ƙarya ce.

13/ Ga yadda abin yake. Hanta da hanji suna da wasu ma'aikata, inzayim, masu sarrafa magani su fitar da shi daga jiki. Babbansu sunansa CYP3A4, magungunan daji da yawa ta hannunsa suke bi. Awon da likita ya rubuta an lissafa shi ne a kan cewa ma'aikacin nan yana tafiya yadda ya saba.

14/ In wani abu ya sa shi sauri, magani zai fita kafin ya yi aiki: ka biya kuɗin kemo, ka sha wahalarsa, dajin bai ji komai ba. In wani abu ya danne shi, magani zai taru ya zama guba. Kuma a kemo tazarar da ke tsakanin awon da ke aiki da awon da ke kwantarwa ƴar kaɗan ce.

15/ Misalin sauri. Akwai wani ganyen Turai da ake sayarwa don damuwa da rashin barci, a kwalba za ku ga an rubuta St John's wort. A 2002 likitoci a Rotadam ta ƙasar Holan suka gwada shi a masu shan irinotekan. Sinadarin da ke yaƙar dajin ya ragu a jininsu da kashi 42 cikin 100.

16/ Abin da ya fi ba ni tsoro a binciken: ƙwayoyin jininsu ba su faɗi sosai ba kamar yadda aka saba. Ka ga a gida sai a ce "kai, tun da ta fara ganyen nan kemo ya daina wahalar da ita, Allah ya yi wa mai maganin albarka." Alhali kemon ne aka rage wa kaifi.

17/ Shi dai wannan ganyen an gwada shi da imatinib, ƙwayar da masu wata irin sankarar jini ke sha kullum, ya rage ta a jini da wajen kashi 30. Kuma ba ranar da ka daina yake sakin hanta ba, yana ɗaukar kwanaki. Yanzu ana shigo da shi cikin haɗe-haɗen "maganin natsuwa" na oda.

18/ Misalin dannewa: garehul. Eh, ɗan itacen nan da ake kai wa mara lafiya a dubiya. A 1989 wani mai bincike a Kanada, David Bailey, ya yi amfani da ruwansa don ɓoye ɗanɗano a wani gwaji, sai ya ga maganin hawan jini ya ninka a jinin mutanen. Haka aka gano, bisa tsautsayi.

19/ Garehul yana kashe CYP3A4 na hanji, sai jiki ya ƙera sabo, abin da ke iya kai kwana 2 zuwa 3. Don haka dabarar "na sha da safe, maganin da dare" ba ta aiki. Ƙwayoyin daji irin su nilotinib a takardarsu an rubuta ƙarara a guje shi. Lemun zaƙi na yau da kullum ba ya cikin wannan.

20/ Koren shayi. A 2009 masu bincike a Kalifoniya suka ga sinadarin cikinsa, EGCG, yana manne wa bortezomib, maganin dajin ɓargo, ya hana shi aiki. A kwanon gwaji da ɓeraye aka gani, amma ya isa a ce mai shan wannan maganin ya bar kafson. Kuma kafson koren shayi an san shi da taɓa hanta.

21/ Kurkum ɗina kuma. A 2019, a Rotadam ɗin dai, aka gwada shi a mata masu shan tamoksifen. Da aka haɗa da sinadarin masoro, abin da ke aiki a jini ya ragu da wajen kashi 12. Ba yawa, na yarda. Amma ƙwaya ce da mace za ta sha shekara 5 ko fiye don kada dajin ya dawo.

22/ Masoron da ake haɗawa don "ya fi shiga jiki" shi ne ke ƙara matsalar. An samu rahotannin ciwon hanta daga kafson kurkum a Italiya da Amurka, da yawansu masu wannan haɗin ne. Kurkum na miya daban, kafso daban. Cokalin da Inna ke zubawa a shinkafa ba shi nake nufi ba.

23/ Haka zogale. Kwaɗon zogale abinci ne, a ci lafiya in an wanke an dafa. Amma a busar da buhu, a tace, a dunƙule a kafso, a ce 4 da safe 4 da dare, wannan ya bar layin abinci ya shiga layin magani. Duk abin da ya shiga layin magani kuwa dole a rubuta shi a fayil.

24/ Yanzu wanda ya fi kowanne yawa a gidajenmu, kuma ba a ma ɗauke shi magani ba: tonik na ƙarin jini. Ana cewa jini ya yi ƙasa sai wani ya ruga kemis. Ku juya kwalbar ku karanta. Akasari ayon ne da B12 da folik asid.

25/ Folik asid yana ƙara dafin kafesitabin da 5-FU: gudawa, gyambon baki, har kwanciya a asibiti. Amma mai shan femetreksed dole ne a ba shi folik asid da B12, in ba haka ba maganin ya illata shi. Bitamin ɗaya, a wannan kariya, a wancan haɗari. Yaron kemis zai san wanne ake saka mata?

26/ Akwai wani babban bincike a Amurka da aka fitar a ƙarshen 2019, mutum 1,134 masu sankarar mama da ke kan kemo. Waɗanda ke shan antioksidan, irin bitamin A, C, E da CoQ10, kafin kemo da lokacinsa, haɗarin dawowar dajin ya fi na sauran da wajen kashi 41.

27/ B12 da ayon su ma an ga alaƙarsu da sakamako mara kyau. Maltibitamin na yau da kullum ba a ga komai ba. Kafin wani ɗan ajinmu ya kama ni: eh, binciken lura ne, kuma lissafin antioksidan ɗin a bakin iyaka ya tsaya. Bai tabbatar ba. Amma mai tallan wane bincike ya kawo?

28/ Kuma akwai hankali a ciki. Gashin radiyo da wasu kemo suna lalata ƙwayar daji ne ta hanyar irin ɓarnar da antioksidan ke hanawa. Kana biyan kuɗi a kunna wuta, kana biyan wani kuɗin a zuba ruwa.

29/ An taɓa yin wannan zaton a baya. A Finlan aka ba maza masu shan taba sama da 29,000 bitamin don a kare su daga dajin huhu. Sakamakon 1994: waɗanda suka sha beta-karotin sun fi kamuwa da kashi 18. Kowa ya zata zai taimaka, har masu binciken.

30/ Jarkar da ba a san abin da ke ciki ba ita ce ta fi ban tsoro. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace saboda wani tsiro, Aristolokiya, da ya shiga haɗin rage ƙiba. Da yawansu daga baya suka kamu da dajin hanyar fitsari.

31/ Dangin wannan tsiron suna nan ƙasar Hausa, duman dutse ɗaya ne daga ciki, kuma ana saka shi a magani. Ban ce yana cikin kowace jarka ba. Na ce mai shan sisfilatin, wanda dama ƙoda yake bugu, bai kamata ya sha abin da mai shi ya ƙi faɗin sunansa ba.

32/ Ga kuma lokacin da kemo ya kayar da ƙwayoyin da ke tsayar da jini, da farare masu yaƙar cuta. A nan kafson tafarnuwa ko ginko na iya ƙara zubar jini. Jiƙon da ya kwana 6 a jarka cikin zafin Afrilu kuma, ga wanda ba shi da garkuwa, ku da kanku ku ƙarasa.

33/ "Ai yana da lambar NAFDAC." Ku duba ƙarshen lambar. Maganin gargajiya da yawa lambarsu da harafin L take ƙarewa, ma'ana an duba shi ta fuskar aminci an jera shi. Hukumar ba ta ce yana warkar da abin da aka rubuta ba, ballantana ta ce ya dace da kemon mamarka.

34/ Na san inda za a tare ni: habbatus sauda. Hadisinta yana cikin Bukhari da Muslim, ni Musulmi ne, ba na jayayya da shi. Tambayata ga mai shagon ce. A ina aka ce cokali 3 sau 3 tare da kemo? A ina aka ce a ɓoye wa likita? Wannan awon naka ne, kada ka jingina shi ga Annabi (SAW).

35/ Abin da ake yaɗawa cewa tana kashe ƙwayar daji, akasari a kwanon gwaji da ɓeraye ne. A kwano ai ruwan bilic ma yana kashe ƙwayar daji. Kuma a irin waɗannan gwaje-gwajen an ga sinadarinta yana taɓa inzayim ɗin hanta da na faɗa a sama. Dalili ke nan na a faɗa wa likita, shi ke nan.

36/ Don kada a ce ni ɗan boko ne mai ƙin ganye: citta an gwada ta a mutum 576 masu kemo a Amurka, an fitar a 2012, ɗan ƙaramin awo ya rage tashin zuciya. Ka ga an gwada, an san awo, likita ya sani. Wanda ya yi haka da jiƙonsa ni zan fara yi masa talla kyauta.

37/ Abin da ke kisa da gaske sau da yawa a hankali yake zuwa. Masu bincike a Jami'ar Yale a 2018 sun duba waɗanda suka haɗa na asibiti da na gefe. Haɗarin mutuwarsu ya ninka 2. Da aka bi diddigi, dalilin shi ne sun fi ƙin wani ɓangare na maganin: kashi 34 sun ƙi kemo, a sauran kashi 3.

38/ Na ga yadda hakan ke farawa. Mai jarkar Gwaggo da farko cewa ya yi a haɗa. Da aka ɗage zagaye na 3 sai ya ce, "Hajiya, kin gani ko? Jikinki ne ke ƙin gubar Turawa, ki ba ni wata 3." Saura kaɗan ta yarda. Ƙarin da ke ƙirjinta ba zai jira wata 3 ba.

39/ Kuma ban wanke asibiti ba. Na ga ma'aikacin da ya daka wa wata tsohuwa tsawa a gaban mutane don ta ce tana shan rubutu da zuma. Kana ganin wadda ke bayanta a layi za ta faɗi gaskiya? Wanda ya tambaya da wulaƙanci "a'a" zai samu, ya rubuta ta a fayil, a ci gaba a makance.

40/ Ga tsada, ga nisa, ga layin na'urar gashi. Ƙasar da ake samun sababbin masu daji sama da 120,000 a shekara. Mai jarka yana unguwa, yana ba da bashi, yana sauraro, yana cewa "za ki warke." Likita ba zai iya wannan alkawarin ba don shi za a tambaye shi. Na fahimci masu zuwa. Mai sayarwar ne ban yafe wa ba.

41/ Mu kuma ƴan waya. Iyayenmu ba su san hanyar oda ba, mu ne muke yi. Mu ne muke tura bidiyon "abin da likitoci ba sa so ka sani". Har "bitamin B17" na ga ana tallatawa kwanan nan. Ba bitamin ba ne, sayanayid yake saki a jiki, dangin gubar rogo mai ɗaci. An gwada shi a mutum 178 a Amurka, 1982, bai yi komai ba.

42/ In akwai mai kemo a gidanku, yau ku duba ƙarƙashin gado da saman firij da cikin jakarta. Ku zuba komai a leda, har shayi da tonik da abin da maƙwabciya ta kawo, ku kai ranar asibiti. Kada ku tsayar da wanda likita ya rubuta. Kada kuma ku yi mata faɗa, ba don wauta take sha ba, tsoro ne.

43/ Mai iya Turanci ya nemi About Herbs, na asibitin daji na Memorial Sloan Kettering da ke New York, kyauta ne, akwai manhaja. Za ka ga ganye da magungunan da yake karo da su. Ka karanta don ka san abin da za ka tambaya, jiƙon unguwarku dai ba ya ciki.

44/ Gwaggo ta gama zagaye 6, an yi aiki, yanzu tana kan tamoksifen. Gashi ya fara fitowa, fari tas, tana ta mita. Ko sati 5 ɗin nan sun canza wani abu, sai shekaru sun nuna, kuma da wannan nake kwana.

45/ Ranar Juma'ar da ta wuce wata ƙawarta ta zo dubiya da kwalba a jaka, daga Umara, an ce ta warkar da wata a Kaduna. Gwaggo ta karɓa ta yi godiya ta sa albarka. Da matar ta fita sai ta miƙo min ta ce, "Ungo, ɗan nan, sa a ledar Talata."